Miyar Kwakwar da Malam Ya Cinye

Yunwa ce ta sa maigidana Malam ya cinye miyar nan ranar Juma'ar, ko kuwa don kada a sa shi cikin mota ne? Har yau ban sani ba. Da ban dafa ta ba, da an kai shi babbar likita ta Maraɗi, wato asibiti. Da an kai shi, ko da yanzu yana nan bakin rumbu yana shan hantsi? Liman ya ce mini kwanansa ne ya ƙare, na kuwa yarda, ban taɓa ja da wannan ba. Amma tambayar ba ta tafi ba. Tana zuwa mini a kan sallaya, tana zuwa mini in na durƙusa hura wuta.

Ni ban yi karatu ba, ko na allo ban wuce ƴan surorin salla ba. Autata, wadda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a garin Sarkin Yamma, ita ke rubuta abin da nake faɗi. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye alƙalami ta jira, magana za ta dawo.

Daga Gabi aka kawo ni Madarumfa. Shi ya sa tun daga ranar da na tare har ranar da ya bar duniya Malam bai kira ni da wani suna ba sai ƴar Gabi. In yana jin daɗi ƴar Gabi, in ransa ya ɓaci ƴar Gabi, muryar ce kawai ke sakewa.

Muna da yara biyu damina ta ƙi mu sau biyu a jere. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Maza suka watse neman abinci, yawanci Najeriya, shi kuwa ya bi wani ɗan uwansa har Kwatano, can bakin teku. Ya samu aikin gadi a gidan wani Ba'indiye mai sayar da atamfa. Mutanen gidan ba sa cin nama, ko kifi ba ya shiga tukunyarsu. Akwai tsohuwa a gidan, uwar mai gidan, hannuwanta sun yi rauni, sai ta riƙa kiran Malam daga bakin ƙofa ya goga mata kwakwa. Ba ta jin Hausa, ba ya jin yarensu, da nuni suke magana. In ya yi kuskure ta buge masa hannu da ludayi. A haka ya koyi miyar, yana tsugune yana kallo.

Da ya dawo gida gaba ɗaya, tsarabarsa rediyo ce, da zane guda nawa, da kwakwa biyu, da wani ƙullin gari rawaya da ya ce sunansa kori. Na sunsuna, na yi atishawa. Ya ce zai nuna mini abin da bakina bai taɓa ji ba. Na ce a gidan da uwarsa ke zaune ba namijin da zai shiga mini madafa. Ya ce ba madafa zai shiga ba, bayan rumbu zai zauna.

Ranar da muka fara dafa ta, surukata, Allah ya jiƙanta, ta leƙa tukunya ta ga abu fari-fari rawaya-rawaya, ta tambaya wa ya haihu a gidan ake dama kunu. Aka ce mata miya ce. Ta tambaya ina daddawa, aka ce babu. Ina kuka, ina kuɓewa, ina nama, duk babu. Ta ce to ɗanta ya je bakin teku ya dawo da abincin marasa haƙori. Ta ci, ta ce a ƙara mata, wai tana so ta gane inda laifin miyar yake. Har ta rasu tana neman laifin nan duk shekara, da kwano biyu.

Malam bai sake tafiya ba. Ya kama garka kusa da tafki, yana noman rani. In an gama kaka, sanyi ya sauka, garkar nan sai ta cika: shu, wato kabeji, karoti, albasa, tumatir, kabewa, koren wake, wani lokaci har dankalin turawa. Rijiya guda suke ja shi da maƙwabcinsa na garka, wani Ba'azne abokinsa tun suna yara suna kiwon awaki. Shi bai shiga salla ba, yana nan kan al'adar kakanninsa, amma in Malam ya tashi yin azahar shi ke riƙe masa guga. Shi kaɗai ya san Malam na goga kwakwa bayan rumbu, kuma bai taɓa barin sa ya huta ba. In sun haɗu a hanya sai ya tambaye shi yaushe za a saya masa zane da kallabi. Malam ya ce masa ranar da ya daina zuwa da kwanonsa. Haka suke har suka yi furfura.

Miyar ta lokacin sanyi ce. Lokacin zafi ba ta daɗi, da damina ba kayan garka. In ɗari ya kama har mutum yana jin ruwan alwala a ƙashinsa, sai Malam ya sa a tambayi masu motocin da ke fitowa ta Ɗan Issa ko akwai kwakwa. Ba ya karɓar wadda aka miƙo masa. Sai ya kai ta kunne ya girgiza. Wadda ruwanta ya yi ƙara sosai kuma ta yi nauyi a hannu, ita yake so.

Bari in faɗi yadda ake yin ta, tun da Auta ta ce in faɗa.

A fasa kwakwar da bayan adda, a tare ruwan a ƙoƙo a ba yara su sha, ba shi ake so ba. A ɓanɓare farin a goge shi. Magoginmu gwangwanin sardin ne da Malam ya huda da ƙusa, yana nan rataye har yau. In an goge, a zuba a farin ƙyalle mai tsabta, a yayyafa ruwan ɗumi kaɗan, cikin tafin hannu biyu, a murɗe ƙyallen a matse. Abin da ya fito fari ne mai kauri kamar kindirmo. Wannan shi ne matsin farko. A rufe shi da faifai a ajiye gefe, nesa da wuta. Sai a sake zuba ruwan ɗumi, da yawa wannan karon, a cuɗa a matse. Wannan mai ruwa-ruwa ne, shi ne matsi na biyu, kuma da shi ake dafuwa.

Mai cokali guda ya isa. A soya albasa har ta yi laushi, kada ta yi ja. A daka tafarnuwa da ɗanyar citta a zuba, a bi da kori, a juya har ƙanshin ya tashi. Sannan a zuba matsi na biyu. Masu tauri su ke fara shiga, karoti da dankali. Kabewa ta biyo baya, sai koren wake, shu can ƙarshe don kada ya narke. Gishiri kaɗan. Tattasai guda a jefa shi ɗungurungum, a tsame kafin ya fashe. Wuta ƙanƙanuwa ake so, ta kara ko ƴan ƙirare. Da shinkafa ake ci. Na taɓa gwada ta da tuwon gero, Malam ya ce na haɗa auren da ba zai zauna ba.

Duk wannan ni ke yi. Abu guda ne ba nawa ba, shi ne zuba matsin farko. In kayan sun nuna sai in yi gyaran murya, Malam ya taso daga bayan rumbu. Ya sa in sauke tukunya ƙasa. Ya tsaya ya karkata kai yana saurare har tafasar ta mutu, tukunya ta yi tsit. Sannan ya ɗauki ƙoƙon ya zuba a hankali yana juyawa. Ya ce in aka zuba tana kan wuta madarar za ta tsinke, ta koma gudaji-gudaji, man ya taso sama, daɗin ya gudu. Na sha ce masa ai na gani, ba wani sirri a ciki, ya bar ni in zuba. Sai ya ce tsohuwar Kwatano ma ba ta taɓa barin sa ya zuba ba, sai ranar da zai taho gida. Shekara da shekaru muna haka. Ni na dafa, shi ya zuba, ya kuma ce mini shi ya yi miyar.

Yanzu sai in faɗi zancen wancan, ɗana na fari, don in ba a san wannan ba ba za a gane sauran ba.

A Gabi haka aka tashe mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallon sa ido cikin ido, ba a zama a yi hira da shi. Kunya ce. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ni kuwa in zan ba shi abinci sai in ajiye in ce wa iska abinci na nan. In yana ciwo ina jin tarinsa daga ɗakina, ba na barci, amma da safe sai in tambayi surukata ko yaron nan nata ya samu sauƙi. Ƴan matan yau suna kiran nasu da suna, har su goya su su shiga kasuwa, ban ce laifi ba ne. Ni dai haka na tashi, kuma da ya girma ya yi gemu abin ya riga ya zauna. In ya shigo gida ya durƙusa ya ce Inna ina kwana, in juya fuska in amsa ciki-ciki. In ina da magana da shi sai in ba Auta ko Malam su kai. Ba ƙiyayya ba ce, shi ma ya sani. Direba ne, yana Maraɗi da iyalinsa, yana bin hanyar Katsina.

Ciwon Malam ya fara ne bayan kaka, shekara uku ke nan. Ya ce cikinsa ya yi nauyi. Ya rage tuwo, sannan ya bar shi. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Garka ta gagare shi, abokinsa ya haɗa da tasa yana ba su ruwa tare. Muka je likita ta nan garin, aka duba shi, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce a rage gishiri a bar mai da yaji. Mai duba shin ya ce gaskiya abin ya fi ƙarfin nan, a kai shi Maraɗi a yi masa hoto a ƙara masa ruwa.

Malam ya ce ba za shi ba. Ba wai yana zargin wurin ba ne, can aka yi wa Auta aiki ta haihu lafiya, shi da kansa ya je barka. Amma wansa can ya cika, a kan gadon ƙarfe, tsakanin baƙi, kuma Malam ne ya ɗauko shi. Tun ranar ya ce shi in lokacinsa ya zo, a tabarmarsa yake so ya same shi, inda yake jin kukan awakinsa. Na roƙe shi. Na yi fushi na daina yi masa magana yini guda. Ya ce in na gama fushin in miƙo masa buta.

Sanyi ya shigo, cin abinci ya tsaya cak. Fura sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Kunu ya ce yana masa wari. Na dafa kaza ya ce in kai wa jikoki. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, rigarsa ta yi masa yawa.

Auta ta zo hutun ƙarshen mako ta gan shi, ta fita waje ta kira wanta a waya. Ta dawo da saƙo. Ya ce ranar Juma'a zai zo da mota. In ya tarar Baba yana cin abinci, zai bar shi ya ci gaba da shan magani a gida. In ba ya ci, zai ɗauke shi cak ya sa a mota, ko ya tsine masa. Auta ta faɗi wannan a gaban Malam. Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ɗago ya ce a gaya wa yaron ya taho masa da kwakwa, kuma ya girgiza ta kafin ya saya.

Na dube shi, ya dubi bango. Auta ta yi murna, ta ce Baba ya fara marmarin abinci. Ni ma na so in yi murna. Rabin zuciyata ya yi, rabin kuwa ya san mutumin da na zauna da shi. Da Auta ta fita na tambaye shi ko da gaske miyar yake so. Ya ce tun yaushe ake rantsuwa kafin a ci abinci a gidan nan.

Ranar Juma'a da sassafe abokinsa ya zo da kwando a ka. Ya ɗebo daga garkar Malam, karoti da ganyensa, shu guda mai tauri, kabewa ƙarama, koren wake. Ya tsaya kan Malam yana kallon sa, ya ce ashe raggo ya samu dalilin kwanciya, ya bar masa guga shi kaɗai. Malam ya ce ai gara ya saba. Mutumin bai yi dariya ba. Ya ajiye kwando ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Wancan ya iso da hantsi, Auta kuwa tun daren Alhamis ta dawo. Na ji tsayuwar mota, na ji an buɗe bayanta, ashe har katifa ya shimfiɗa a ciki. Ya shigo ya gaida ubansa, ya juyo ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon murhu. Ya ajiye kwakwar kusa da ƙafata. Babba ce, mai nauyi. Malam ya ce a kawo ya ji. Ya kai ta kunne da hannu biyu ya girgiza, ya ce ba laifi, direba ya iya wani abu ban da hon.

Hannunsa ba zai iya guga ba, ni na goge. Rabinta na goge, na ajiye rabin cikin randa mai sanyi. Na dafa kamar yadda na faɗa, gishirin ma ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Ƙanshin kori ya cika gidan. Uban da ɗan suna zaune a rana bakin rumbu, ina jin su. Ɗan yana cewa ya yi magana da wani a likita, akwai gado, kwana kaɗan ne. Uban yana tambayar sa kuɗin taya da halin hanyar Katsina.

Da kayan suka nuna na yi gyaran murya, don bakina ya saba. Sai na tuna ba zai iya tasowa ba. Na miƙa hannu zan ɗauki ƙoƙon, ya ce a'a, a kawo masa tukunyar nan. Na naɗe hannu da tsumma na kai ta gabansa. Ya karkata kai ya saurara. Ya ɗauki ƙoƙon da ƙyar, har kaɗan ya zube a tabarma, amma ya zuba ya juya. Wancan ya buɗe baki yana kallo. Duk cin da ya yi wa miyar nan tun yana yaro bai taɓa sanin hannun ubansa na ciki ba.

Ya ce, "Baba, yaushe ka fara girki?"

Malam ya ce, "Tun kafin ka iya ɗaura wando. Je ka wanke hannu."

Na zuba musu a kwano guda. Na koma bakin madafa na zauna inda nake ganin su ta gefen ido. Malam ya yi bisimilla ya sa hannu. Ya ci kabewa, ya ci karoti. Ya haɗa shinkafa da romo ya kai baki, ya sake. Mutumin da ya yi makonni yana ture fura, ya ci gefensa tas, ya shiga gefen ɗansa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin sanyin nan. Ya ce a ƙaro romo. Ya ɗaga kwanon ya shanye, ya sa yatsa ya suɗe, ya yi gyatsa ya yi hamdala. Auta tana tsaye tana share hawaye don daɗi.

Na ga wuyansa lokacin da yake haɗiya. Kowace loma sai ya ɗan runtse ido kafin ta wuce. Ko zafin miyar ne, ko daɗinta, ko kuwa tura ta yake yi da ƙarfi, ban sani ba. Wancan bai gani ba, kansa na sunkuye kan kwano, ba ya kallon ubansa yana ci.

Suka tafi masallaci shi da maƙwabta, Malam ya yi tasa sallar a zaune. Da ya dawo ya tarar uban yana barci, numfashinsa a kwance, abincin bai dawo ba. Ya daɗe tsaye kansa. Sannan ya zo bakin madafa ya durƙusa, ya yi magana da Auta duk da ina wurin, kamar yadda muka saba. Ya ce a tambayi Inna, ita da ke tare da shi, me ta gani, a bar shi ko a tafi da shi.

Ina wanke magogi. Abin da na gani a wuyan Malam yana bakina. Abin da Malam ya roƙa game da tabarmarsa shi ma yana bakina. Kuma ban saba ɗaga kai in yi wa mutumin nan doguwar magana ba. Na ce wa Auta ta gaya masa ai ya gani da idonsa. Iyakar abin da na ce ke nan. Ba ƙarya ba ce, ba kuma amsa ba ce. Ya ce to, Alhamdu lillahi, zai dawo in ya sauke kayan Katsina. Ya naɗe katifar ya tafi.

Da motar ta tashi Malam ya buɗe ido ya tambaya ko an tafi. Na ce an tafi. Ya ce miyar ta yi, sai dai citta ta ɗan yi yawa. Na tambaye shi kai tsaye, don Allah ya gaya mini, yunwa ya ji ko dabara ya yi. Ya yi murmushi ya ce in rufa masa ƙafa.

Washegari ya sha fura rabin ƙoƙo, har ya tambayi labarin garka. Na ce to, ashe yunwar gaske ce, na ji kunyar zargin da na yi masa. Auta ta koma lakwal ɗinta da sanyin zuciya. Daga nan kuma abin ya riƙa ja baya, kurɓa biyu, kurɓa guda. Na je gidan maƙwabta na sa matar gidan ta kira wancan ta gaya masa ya zo da motar. Yana can bayan Katsina da kaya, ya ce gobe da yamma yana nan.

Goben ce Malam ya tashi da haske a fuska. Ya yi asuba, ya ce in fitar da shi rana. Na shimfiɗa masa tabarma bakin rumbu, na jingina shi da buhun gero, na lulluɓe shi da bargo. Ya tambaya ko sauran kwakwar nan na nan. Na ce tana cikin randa. Ya ce in dafa, yaron na zuwa, ya tarar da abinci. Na tashi da sauri kamar yarinya. Na goge, na matse, na rufe matsin farko da faifai. Ina yanka karoti ina jin carbinsa, ina jin yana salati ƙasa-ƙasa. Awaki suna ta kuka don ban sake su ba.

Kayan suka nuna, na yi gyaran murya. Ya yi mini magana daga inda yake. Na yi yadda ya ce. Ban ɗauki wani lokaci ba, na zuba a kwano, na ɗauko ruwan wanke hannu, na zo na durƙusa gabansa. Kansa na jingine da buhun, fuskarsa na kallon rana, carbin ya zame kan bargo. Na kira shi. Na ajiye kwanon a hankali don kada ya zube, har yau ina mamakin wannan, sannan na taɓa shi.

Wancan ya iso bayan la'asar da katifa a mota, ya tarar an dawo daga maƙabarta. Ba a jira shi ba, don an kasa samun wayarsa a hanya. Ya shigo ɗakina ya zauna ƙasa, ya kifa kai a gwiwa. Ya ce shi ya ga yana ci, me zai ce, ya ga yana ci. Na ce a kawo miyar nan, tana nan a rufe ba wanda ya taɓa. Na tura kwanon gabansa da hannuna. Na dube shi a fuska, abin da ban yi ba tun yana jariri, na ce masa ya ci, don shi aka dafa. Ya ci yana kuka, ni ma ina yi. Bayan ranar muka koma yadda muke.

Na yi takaba na fita. Abokin Malam ya ci gaba da ba garkar ruwa har ƙarshen sanyin, sannan ya miƙa ta ga jikanmu. Ba ya shigowa gidan yanzu, sai dai ya aiko da shu. Duk shekara in ɗari ya kama wancan yana zuwa da kwakwa, ya ajiye kusa da ƙafata. Ina ganin yana girgiza ta a zaure kafin ya shigo. Ban san ko yana ganin laifina ba, ban san ko nasa yake gani ba, ba mu da hanyar tambayar juna. Ina dafawa. Wani lokaci in na sauke tukunya sai in tsaya ina jiran wani ya taso daga bayan rumbu, har miyar ta huce, in zauna in yi kukana, sannan in mayar da ita wuta in sake saukewa.

Mata masu zuwa gaisuwa sun yi ta tambaya ta ko ya cika da kalmar shahada. Na ce na ji yana salati, leɓensa bai tsaya ba duk safiyar, Allah shi ne shaida. Suka tambaya ko ya bar wasiyya, na ce babu. Ban gaya musu abin da ya faɗa mini ba, don za su ga kamar ba magana ba ce. Auta ma sai yau za ta ji. Da na yi gyaran muryar nan ina shirin ɗaukar tukunya in kai masa, sai na ji muryarsa a bayana, a sake, kamar ta da can.

"Bar ta nan, ƴar Gabi. Sauke ta ƙasa, ki jira ta yi shiru. Yau ke za ki zuba."